Lamba Ma Ruwaya Ce

 

Maudu'inmu na yau shi ne ƙididdiga. Na san akwai wanda da jin haka zai kai hannu ga akwatin rediyonsa don neman wata tasha, yana cewa a ransa ai wannan zancen 'yan boko ne da ma'aikatan gwamnati. To, malam, dakata mini kaɗan. Uwargidan da ta san mudu biyu na masara ke kai gidanta daga safe zuwa dare, ta kuma san ranar da baƙi suka sauka sai an ƙara rabi, ƙididdiga take yi. Manomin da ya tsaya a bakin rumbu yana cewa bara dami 40 ya ɗaure a gonar nan, bana kuwa 32, yana neman inda giɓin ya fito, ƙididdiga yake yi. Haka uwar adashe da littafinta. Haka direban da ya san ranar kasuwar wane gari ce motarsa ke cika tun kafin hantsi.

Ƙididdiga, a taƙaice, ita ce a tara bayanai ta hanyar ƙirge da awo, a jera su, a dube su da idon basira, domin a yanke shawara a bisa sani maimakon zato. Shi ke nan. A tara, a jera, a duba, a yanke shawara.

Amma abin da nake so mu riƙe a yau, tun daga farkon shirin nan har ƙarshensa, shi ne cewa duk lambar da ta shigo kunnenka, ko daga bakin mai labarai ta fito, ko daga bakin ɗan siyasa a kan dandamali, ko daga wayar da ke aljihunka, ruwaya ce. Wani ne ya ƙirga. Wani ne ya rubuta. Wani ne ya kawo maka. Ruwaya kuwa, a wurin masu ilimi, ba a karɓarta sai an san hanyar da ta biyo. Ku riƙe wannan, za mu riƙa komawa gare shi.

Kashi na farko, bari mu waiwayi tarihi kaɗan, domin kada wani ya ɗauka baƙon abu muka ɗauko.

Imamul Buhari ya ruwaito daga Huzaifa, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a rubuta masa adadin waɗanda suka karɓi Musulunci, aka kuwa rubuta mutum 1,500. A zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, da daula ta faɗaɗa, dukiya ta yawaita a baitulmali, har rabonta da ka ya gagara, sai aka kafa diwani, wato babban littafin da aka rubuta sunayen mutane gida gida, ƙabila ƙabila, da rabon da kowa zai karɓa a shekara. An kuma ruwaito cewa tun a zamanin Manzon Allah ana aika Abdullahi ɗan Rawaha zuwa Haibara, ya kewaya gonakin dabino, ya ƙiyasta abin da za su bayar tun yana bisa itace, domin a san hakkin kowane ɓangare kafin a yi ɗiba. Ƙiyasi ne, amma ƙiyasin masani.

Ita kanta zakka ba ta fita sai da lissafi. Hatsi sai ya kai wusuƙi biyar, kowane wusuƙi sa'i 60, jimla sa'i 300, sannan a fitar da ushiri idan ruwan sama ya shayar da shi, ko rabin ushiri idan da wahalar ban ruwa aka noma shi. Awaki da tumaki sai sun kai 40. Shanu sai sun kai 30. Wanda bai san adadin abin da ya mallaka ba, ta yaya zai san abin da Allah ke binsa?

Ga kuma wani abu da malaman hadisi suka bar mana, wanda a ganina duk mai sauraron labarai a wannan zamani yana bukatarsa. Su waɗannan bayin Allah, idan aka kawo musu magana, ba su tsayawa ga daɗinta ko dacewarta da abin da ransu ke so, sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, suna tambayar adalcin kowane mai ruwaya, suna kuma tambayar kiyayewarsa, domin sun gane cewa mutum yana iya zama salihi mai tsoron Allah, wanda bai taɓa yin ƙarya da gangan ba, amma haddarsa ta kasance mai rauni, sai ruwayarsa ta raunana. Haka lamba take. Akwai ta maƙaryaci. Akwai kuma ta mai gaskiya wanda bai iya ƙirge ba. Dukansu biyun ba a gina gida a kansu.

Kashi na biyu ke nan za mu shiga, masu sauraro, da tambayar farko: wa aka ƙirga?

Ku biyo ni kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano. Ɗan kasuwa ya zo sayen buhu 200 na wake. Ba zai zazzage su duka ya bi ƙwaya ƙwaya ba, rana za ta faɗi bai gama buhu ɗaya ba. Sai ya ɗauki ƙarfen nan mai rami, ya soka a buhu, wake ya gangaro tafin hannunsa, ya duba ko akwai ƙwari, ko tsakuwa, ko danshi. Wannan ɗan abin da ya ɗiba domin ya hukunta sauran, shi ake kira samfuri. To, amma ku lura da gogaggen ɗan kasuwa. Ba ya yarda mai kaya ya zaɓar masa buhun da zai soka. Ba ya kuma tsayawa ga bakin buhu, domin ya san masu algus kan ɗora mai kyau a sama. Sai ya soka sama, ya soka tsakiya, ya soka gindi, ya tsallake buhunan gaba ya sa a ciro masa na can ƙurya. Abin da yake nema shi ne kowane buhu, da kowane sashe na buhu, ya kasance yana iya faɗowa hannunsa. Wannan shi ne sharaɗin samfuri ingantacce, kuma masanan da suka yi digiri a fannin ba su da wani sharaɗi da ya fi shi.

Bari in ba ku labarin waɗanda suka manta da wannan sharaɗi. A shekarar 1936 ana shirin zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, tsakanin Roosevelt mai ci da abokin hamayyarsa Landon. Wata shahararriyar mujalla mai suna Literary Digest ta aika wa mutum kimanin miliyan 10 takardun tambaya, fiye da miliyan 2 suka amsa, ta tattara ta ce Landon ne zai lashe. Wani mutum kuma mai suna George Gallup ya tambayi adadin da bai kai ko kusa da wannan ba, kimanin mutum 50,000, ya ce Roosevelt ne. Da aka kaɗa ƙuri'a, Roosevelt ya cinye jihohi 46 daga cikin 48. Ina miliyoyin mujalla suka shiga? Ashe sunayen da ta yi amfani da su ta samo yawancinsu ne daga littattafan masu tarho da rajistar masu mota, alhali a wancan lokaci na matsin tattalin arziki mai tarho da mota mai hali ne, talakawa kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, ba a jin muryarsu a cikin lissafin yadda ya kamata. Ga shi kuma waɗanda suka ga damar amsawa ne kaɗai suka amsa. Mujallar ba ta daɗe ba bayan wannan ta durƙushe.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan ka ga an yi ƙuri'ar jin ra'ayi a Facebook, an ce kashi 80 cikin 100 na jama'a sun goyi bayan kaza, tambayi kanka: waɗanne jama'a? Tsohuwar da ke ƙauye ba ta da babbar waya. Makiyayin da ke daji ba ya samun sabis. Har mu nan ma'aikatan rediyo ban cire mu ba, domin idan muka buɗe layi mutum 20 suka bugo, ra'ayin masu kati a waya muka ji, waɗanda kuma abin ya dame su har suka jure wa layi. Yawan amsa ba ya gyara samfurin da aka ɗiba daga bakin buhu. A sake ji: yawan amsa ba ya gyara shi.

Kashi na uku, matsakaici. Kalma ce da za ku yawaita ji a labarai: matsakaicin albashi, matsakaicin amfanin gona, matsakaicin shekarun rayuwa. Yadda ake fitar da shi kuwa shi ne a haɗa duka a raba daidai.

Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, mutum goma ne ke zaune a majalisar ƙofar gida. Tara daga cikinsu kowanne yana samun naira 50,000 a wata. Na goma attajiri ne, yana samun 550,000. In ka haɗa, miliyan ɗaya ke nan cif. In ka raba gida goma, kowa ya tashi da 100,000. Sai a rubuta cewa matsakaicin samun mutanen majalisar nan naira 100,000 ne. Lissafin daidai ne, babu kuskure ko na kwabo. Amma a cikin mutum goman nan babu ko ɗaya mai samun 100,000, kuma tara daga cikinsu rabin haka suke gani. Shi ya sa masana ke da wata hanya ta biyu, wato a jera mutanen daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, a dubi na tsakiyar sahu. A majalisarmu na tsakiya 50,000 yake samu, wannan kuwa ya fi kusa da halin da ake ciki. Duk inda 'yan kaɗan suka tara da yawa, matsakaici yakan yi wa talaka ƙaryar arziki.

A nan kuma akwai wata 'yar gajeriyar tambaya mai amfani: cikin nawa? Idan aka ce cuta ta kama mutum 100 a wani gari, ta kama 20 a wani ƙauye, kunne zai ce garin ya fi shiga uku. To, idan mutanen garin 100,000 ne, ɗaya cikin 1,000 ke nan. Idan mutanen ƙauyen 500 ne, ɗaya cikin 25 ke nan. Ƙauyen ne ke bukatar likita da gaggawa. Cikin nawa? Kada ku bar lamba ta wuce ba ku yi mata wannan tambaya ba.

Yanzu kuma kashi na huɗu, wanda zan ɗan daɗe a kansa, domin a nan ne aka fi rikita jama'a. Tambayar ita ce: da wane mudu aka auna?

Kowace mace mai cefane ta san mudun wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba, tiyar wani gari ta fi ta wani gari, kuma ko a kasuwa ɗaya akwai awon da aka tula akwai wanda aka shafe. Wanda ya ce hatsi ya fi araha a gari kaza, bai faɗi girman mudunsu ba, bai gama magana ba. To, hukumomi ma suna da nasu mudun, wato ma'anar da suka ba abin da suke aunawa, kuma sukan sauya shi.

Ga misali na zahiri. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a Nijeriya ta bayyana cewa a ƙarshen shekarar 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33 da ɗigo 3 cikin 100, wato mutum ɗaya cikin kowane uku na masu neman aiki da masu yi. A shekarar 2023 hukumar nan dai ta fito da sabon rahoto, ta ce a farkon wannan shekara rashin aikin yi kashi 4 da ɗigo 1 ne. Jama'a suka yi ca. Wasu suka ce ƙarya ce tsagwaronta, wasu kuma suka ce aiki ya samu. Alhali abin da ya faru shi ne an sauya mudu. A tsohon awo, wanda bai yi aikin sa'a 20 a mako ba, marar aiki ne. A sabon awo, wanda aka ce an daidaita shi da ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin neman kuɗi ko na sa'a ɗaya ne a cikin mako, mai aiki ne. Saboda haka matashin da ya gama jami'a, yana zaune a gida, ya fita ranar Asabar ya taya wani sauke kaya aka ba shi na goro, ya fita daga sahun marasa aiki.

Ni a nawa ganin, hukumar ba ta yi ƙarya ba, tun da ta bayyana mudunta a fili. Sai dai a ƙasar da ba a biyan marar aiki ko sisi, kusan babu wanda zai iya zama mako guda cur bai taɓa komai ba, domin yunwa ba za ta bar shi ba, sabili da haka wannan awo ba ya nuna mana abin da ya fi damunmu, wato ko aikin yana ciyar da mai shi da iyalinsa. Laifi babba kuwa yana kan wanda zai ɗauki 33 ya ajiye kusa da 4, ya ce ku dubi ci gaba, bai faɗa wa mutane cewa mudu biyu ne daban ba.

Haka batun hauhawar farashi. Ku kasa kunne da kyau a nan, musamman iyayenmu mata. Hauhawar farashi awo ne na saurin tashin kaya, yawanci daga bara war haka zuwa bana. Ma'aikata kan bi kasuwanni wata wata suna rubuta kuɗin abinci da haya da sufuri da magani da sutura, a haɗa a kwatanta. Idan aka ce hauhawar ta sauka, ba a ce kaya sun sauka ba. Mu sake ƙaddarawa. Mudun shinkafa naira 1,000 ne. Shekara ta zagayo da hauhawar kashi 30 cikin 100, ya koma 1,300. Wata shekara ta zo, hauhawar ta ragu zuwa kashi 15, ya koma 1,495. Mai labarai zai ce hauhawar farashi ta ragu da rabi, gaskiya ya faɗa. Ke kuma, Hajiya, kin je kasuwa kin tarar an ƙara miki kusan naira 200, ke ma gaskiyarki. Kayan bai daina tashi ba, saurin tashin ne ya ragu.

A nan ma an taɓa sauya mudu. A watan Disamba na 2024 hukumar ta ce hauhawar ta kusa kashi 35 cikin 100. A watan Janairu na 2025 ta ce kimanin 24 da rabi. Ba kaya ne suka faɗi a wata guda ba. An sabunta jerin kayan da ake bi ne, da nauyin da ake ba kowanne, aka kuma matso da shekarar da ake kwatance da ita daga 2009 zuwa 2024. Sabuntawar tana da hujja, domin abin da gida ke kashe kuɗi a kai ya sauya a cikin shekara 15, amma ba a jera lambar kafin sauyi da ta bayan sauyi kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Da wane mudu aka auna? Ita ce tambayar.

Kafin mu wuce, ga wani ɗan tsokaci. Abu biyu sukan zo tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Za ka ji ana cewa cin sabuwar masara ko ɗanyar gyaɗa ke kawo wa yara zazzaɓi, domin kowace shekara tare ake ganinsu. Lura ce ta gaskiya, fassarar ce ta kauce. Damina ce ta nunar da masarar, ita ce kuma ta tara ruwa a kududdufai sauro ya hayayyafa. Tun shekarar 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin cikin sauro. A bar yaro ya ci masararsa, a ɗaura masa gidan sauro.

Kashi na biyar, ƙidayar jama'a. Wannan ita ce uwar ƙididdiga, domin tambayar nan ta cikin nawa, ita ke amsa ta ga ƙasa baki ɗaya.

Tarihinta a Nijeriya tarihi ne na jayayya. An yi ta a 1962, rigima ta sa aka soke. Aka sake a 1963, aka ce mutum miliyan 55 da dubu 600. An yi a 1973, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta soke sakamakon a 1975. An yi a 1991, aka sami kusan miliyan 89. An yi a 2006, aka sami miliyan 140, Jihar Kano da miliyan 9 da dubu 400, Legas da miliyan 9 da dubu 100, Legas kuwa ta ce ba ta yarda ba. An shirya wata a 2023 aka ɗage, alhali abin da aka saba a duniya shi ne a yi duk shekara goma.  Don haka idan ka ji an ce 'yan Nijeriya sun haura miliyan 200, sani cewa ƙiyasi ne aka ɗora a kan ƙidayar 2006, ana ƙara abin da ake zaton an haifa, ana cire abin da ake zaton ya rasu.

Me ya sa abin ke da wuya haka? Domin kujerun majalisa da rabon arzikin ƙasa suna da alaƙa da yawan jama'a, sai kowane yanki ya so lambarsa ta kumbura. A ɗaya gefen kuma akwai tsohon tsoro. Kakanninmu sun san cewa a zamanin Turawa idan malamin hakimi ya zo da alƙalami yana ƙirga magidanta, haraji ne ke tafe, idan ya ƙirga shanu, jangali ne, sai ɓoyo ya zama dabarar tsira. An soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano da ta Kaduna tun 1979, zamanin Abubakar Rimi da Balarabe Musa, amma tsoron ya riga ya shiga jini, ga kuma al'adar nan ta ƙin faɗin yawan 'ya'ya don gudun baki. Ni dai abin da zan ce shi ne, mai ƙari da mai ɓoyo duka sun yi shaidar da ba ta gaskiya ba, kuma cutar a kan yaran unguwarsu take komawa, domin da wannan lamba ce ake lissafin azuzuwan makaranta, da allurar rigakafi, da gadajen asibiti.

Kashi na shida, domin kada ku tashi da zaton cewa lamba ba ta da aiki sai ruɗi, bari in ba ku labarin kurkunu.

Dattawa sun san shi. Matasa da yawa ba su taɓa ganinsa ba, kuma dalilin rashin ganin nasu shi ne labarin. Tsutsa ce da ke shiga jiki ta hanyar shan ruwan tafki, ta yi kamar shekara tana girma, sannan ta huda fata, galibi a ƙafa, ta riƙa fitowa a hankali ana naɗe ta a tsinke, makonni mutum yana kwance, sau da yawa kuma a daidai lokacin da gona ke bukatarsa. Ba ta da allurar rigakafi. Ba ta da maganin sha. Shekaru aru aru ana fama da ita, kowa ya san akwai ta, amma babu wanda ya san yawanta ko iyakar inda take.

A tsakanin 1988 da 1989 aka bi ƙasar nan ƙauye ƙauye ana tambaya ana rubutawa. Aka sami masu ɗauke da cutar fiye da 650,000, a ƙauyuka kusan 6,000. Daga ranar da aka sami wannan lissafi yaƙin ya sauya kama, domin yanzu an san inda za a kai ƙyallen tace ruwa, an san tafkin da za a zuba wa magani, an san ƙauyen da ya fi bukatar rijiyar burtsatse. A kowane ƙauye aka sa mutum ɗaya daga cikin mutanen garin, yana riƙe da littafi, yana rubuta duk wanda kurkunu ya fito masa, yana aikawa duk wata. Cibiyar Carter ta Amurka ta tallafa, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi ta zagaya karkara yana jan hankalin shugabanni. Lamba ta riƙa sauka shekara bayan shekara. Inda ta ƙi sauka, a koma a binciki dalili. Da ta kusa ƙarewa har tukuici aka sa ga duk wanda ya kawo labarin mai cutar, domin a tabbata babu wanda ya ɓuya. Mutum na ƙarshe an same shi a Jihar Inugu a watan Nuwamba na 2008. A watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya ta rabu da kurkunu, ta kuma shaida wa Nijar haka a wannan lokaci.

Ku lura da isnadin wannan lamba. An san wanda ya ƙirga, ɗan garin ne. An san wanda aka ƙirga, da sunansa da gidansa. An san mudun, domin tsutsa ko ta fito ko ba ta fito ba. Ruwaya ce sahihiya, shi ya sa aka iya gina aiki a kanta.

Kashi na ƙarshe, masu sauraro, ya shafi cikin gidajenmu.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana riƙe abin da ya girgiza ta, ta saki na yau da kullum. Mai shago yana tuna ranar da ya yi babban ciniki, ya manta da ƙananan basussukan da suka cinye ribar. Manomi yana tuna shekarar da sabon iri ya yi masa kyau, ya manta cewa a shekarar ruwa ma ya wadata. Maganin wannan littafi ne na 'yan nairori da alƙalami. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wanda bai iya ko ɗaya ba, yana da ɗa ko jika ɗan makaranta.

Malam manomi, rubuta ranar da ka yi shuka, da irin da ka shuka, da buhun taki nawa ka zuba, da abin da ka girbe. Bayan damina uku littafin zai gaya maka abin da maƙwabci ba zai iya gaya maka ba. Mai hawan jini, awo ɗaya ba ya yanke hukunci, rubuta na kowane zuwa da kwanan watansa, ka nuna wa likita jerin. Uwa mai goyo, katin awon yaro da ake ba ki a asibiti, adana shi inda ruwa ba zai taɓa shi ba, domin layin nauyin nan da ma'aikaciya ke ja yana nuna tamowa tun ido bai gan ta ba. Haka ɗan zaren awon nan mai launi uku da ake naɗa wa a damtsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar: kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a garzaya asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Maigida, idan an yi maka haihuwa, bayan an raɗa suna ka je ka yi wa jaririn rajista ka karɓi takardar haihuwarsa. Ranar da malaman ƙidaya suka yi sallama a ƙofar gidanka, ka faɗa musu adadin iyalinka yadda yake, kada ka ƙara ko ɗaya, kada ka rage ko ɗaya.